Inda Ɗaki Ke Yoyo: Ɗan Jarida a Wasan Talabijin da Matsugunin Tsofaffi a Kudancin Kano

A watan Fabrairun 2022 sashen Hausa na BBC ya saki hirar da ya yi da Ladin Cima a shirin Daga Bakin Mai Ita. Dattijuwar, wadda take wasan kwaikwayo tun lokacin da sana'ar ke hannun gidajen talabijin na gwamnati, ta koka da abu biyu: ƙanƙantar abin da ake ba ta in ta fito a fim, da rashin gidan kanta bayan duk shekarun nan. Gari ya ɗauka. Wasu masu shirya fina-finai suka fito suna musanta lissafinta, Naziru Sarkin Waƙa ya tsaya mata, aka kwashe kwanaki ana jifan juna da magana a Instagram da Facebook. Sai dai ƙurar duk a kan kukan farko ta tashi: dubu nawa aka ba ta, wa ya ba ta, a wane fim. Maganar makwanci kuwa, wadda ita ce ta fi ci mata rai, ta bi iska.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka sai ga Abdullahi Shu'aibu Karkuzu daga Jos, idanu sun tafi, ƙarfi ya ƙare, yana neman a rufa masa asiri da wurin zama. Ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida a 2023, aka yi ta sa masa albarka, kuma ya cancanta. Amma a lura da abin da ya ceci mutanen nan biyu daga shiru: fuskarsu sananniya ce. Duk wanda ya girma a gaban akwatin talabijin yana jin suna bin sa bashi.

Wannan maƙala tana tambaya ne game da waɗanda babu wanda ke jin suna bin sa bashi, tsofaffin ƙauyukan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, da kuma ko wasan kwaikwayon da ake kafawa a ɗakin labarai zai iya ɗaukar labarinsu. Ra'ayina shi ne zai iya, har ma ya fi kowane salo dacewa, amma bisa sharaɗi guda: kada a yi shi yadda aka saba, wato jarumin ɗan jarida ya bankaɗo azzalumi. A wannan yanki tsoho ba ya rasa ɗaki ta hanyar da ɗan jarida ya iya gani. Ba mai gidan haya, ba takardar tashi, ba kaya a bakin titi. Saboda haka abin da ya kamata wasan ya sa a gaba shi ne ita kanta makantar ɗakin labarai, yadda abu zai shekara ashirin yana faruwa a kowace unguwa bai taɓa zama labari ba.

Ɗakin labarai a matsayin dandali

Salon ya daɗe a talabijin ɗin Amurka. Wanda aka fi ambata a 'yan shekarun nan shi ne The Newsroom na Aaron Sorkin, da tashar HBO ta nuna daga 2012 zuwa 2014, wanda ya buɗe da malalar man da ta auku a tekun Meziko a 2010. Ƙarfin salon a agogo yake. Ƙarfe kaza za a karanta labarai, ko an shirya ko ba a shirya ba, don haka kowace gardama tana da wa'adi. A cikin wa'adin nan ake so a ga wani mai ƙarfi yana ɓoye wani abu, wani mai gaskiya yana tono shi, mai gidan talabijin kuma yana tsakiya yana lissafin talla da fushin hukuma.

Masu kallon Hausa sun ɗanɗana wannan a Kwana Casa'in, wanda Arewa24 ta fara nunawa a 2019. A ƙirƙirarriyar Alfawa an ga Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, da Malam Adamu na Ado Ahmad Gidan Dabino, an kuma ga Sahabi, ɗan jaridar da ya ƙi a saye shi. Wasan ya yi abin a yaba, domin ya nuna wa mai kallo cewa labari ba daga sama yake faɗowa ba, akwai wanda ke zaɓarsa, akwai wanda ke danne shi. Amma idonsa yana kan gidan gwamnati ne. Talaka a cikinsa yakan shigo a matsayin hujjar da za a kama babba da ita: asibiti ya lalace, to ga laifin gwamna. In ba a sami babban da za a rataya wa laifi ba, ɗan jaridar wasa ba shi da aikin yi.

Shi kuwa tsoho, gurbinsa a wasanninmu sananne ne. Ko dai mai nasiha ne a zaure, ko muguwar uwar miji, ko abin dariya. Wasan Gidan Badamasi ya zo kusa da batunmu fiye da yadda ake zato, domin ƙashin bayansa shi ne tsoho a keken guragu da 'ya'yan da suka zuba wa dukiyarsa ido tun yana numfashi. Sai dai Badamasi mai kuɗi ne, shi ke juya 'ya'yan, daga nan dariyar take fitowa. A cire dukiyar a bar tsufan da 'ya'yan, sai wasan ya koma wani abu da ba a dariya a kansa. Wani abin ban sha'awa, Daɗin Kowa na Arewa24 gari ne na ƙirƙira, amma akwai Daɗin Kowa na gaske a ƙaramar hukumar Doguwa, kuma tsofaffinsa sun fi na cikin akwatin abin faɗa.

Yadda ɗaki ke suɓuce wa mai shi

Wanda ya bar Kano ya kama hanyar Zariya, ya karya a Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa da duwatsun Riruwai, ya shiga yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a jihar. Ƙasar masara ce da shinkafa da rake. Ba yankin yunwa ba ne, kuma baƙo zai yi wuya ya ga tsoho kwance a tasha. In ka tambayi dagaci ko akwai marar gida a garinsa, zai ce maka babu, kuma bai yi ƙarya ba.

Matsalar tana cikin kalmar. Bahaushe ya bambanta gida da ɗaki. Gida na maigida ne da zuriyarsa. Ɗaki kuwa na mace ne, shi ne mulkinta, a nan jerenta yake, a nan ake gaishe ta, da shi ake kiran 'ya'yanta, a ce 'yan ɗakin wance. Tsohon da ya sauka daga turaka ya koma wani lungu, da tsohuwar da aka ɗauke daga ɗakinta aka raɓa ta a na wani, dukansu suna da rufi a kansu. Abin da suka rasa shi ne iko: ba su da tabbacin nan za su kai baɗi, ba kuma su da bakin cewa a'a. Duk ma'aunin da ke ƙirga masu kwana a waje ba zai taɓa ƙirga su ba.

Babbar ƙofar da wannan ke shigowa ta ita ce ranar rabon gado. Shari'a ta ba matar mamaci tumuni in ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba, kuma in matan sun fi ɗaya, wannan kason suke rabawa. Ta kuma ba ta zaman takaba, wata huɗu da kwana goma, a ɗakinta. Ba rabon ne abin tuhuma ba. A da, gida ba haja ba ne. Ana raba shi a baki, kowa ya san kasonsa, amma ginin yana nan, tsohuwa tana ɗakinta har ta koma ga Allah. Abin da ya sauya shi ne gida ya yi kuɗi, musamman a bakin titi da kusa da kasuwa, magada kuma sun warwatsu, kowa yana son nasa a hannu. A ce an sayar da gida naira miliyan 2.4, mamacin ya bar mata uku da 'ya'ya. Tumuni dubu 300 ke nan, kowace ta tashi da dubu 100. An ba ta haƙƙinta cif, ba a ci mata ko kwabo ba, amma kuɗin ba za su sayi ko fili ba, balle su tayar da bango.

Mai 'ya'ya tana da madogara, domin fiƙihun Malikiyya, tun daga Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu, ya wajabta wa ɗa mai hali ciyar da iyayensa matalauta. Amma wajibcin nan a mazhabar bai wuce tsakanin iyaye da 'ya'yan cikinsu ba. Hanafiyya ce ta faɗaɗa shi zuwa sauran muharramai. Ke nan wadda ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta ba su rayu ba, ba ta da wanda alƙali zai tilasta wa. A ka'ida nauyinta yana kan baitulmali. A al'ada kuwa riƙo ne yake toshe wannan kafa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma dangi sun ba ta 'ya'ya ta riƙe, ta aurar, ta tsufa a cikin mutane. A kan iyakar Kano da Zazzau ta yi rayuwarta, ba nisa da yankin da muke magana. Yau riƙo ya ja baya, baitulmalin kuma bai iso ba.

Na ga wannan a gidanmu. Gwaggona, yayar mahaifina, ta yi shekara fiye da arba'in a ɗaki ɗaya a wani ƙauye da ke ƙasar Bebeji, ba nisa da Tiga. Ta haihu sau biyar, babu wanda ya kai yaye. Da mijinta ya rasu aka gama takaba, 'ya'yan abokan zamanta suka sayar da gidan ga wani mai sayen hatsi. Ba su yi mata rashin kunya ba, har kuka ɗayansu ya yi ranar da ta fita. Ɗan ƙanenta ya ɗauke ta, ya share mata ɗakin da yake ajiye taki da maganin feshi.

Cikin marka na je gaishe ta. Warin takin bai bar bangon ba. Gadonta na ƙarfe mai rumfa ya ƙi shiga ƙofar, an kwance shi an jingine da katanga, tsatsa ta fara cin ƙafafunsa. Kwanonin jerenta suna cikin buhu biyu a bayan ƙyaure, ba ta kwance su ba, kamar mai jiran mota. An soka leda a tsakanin azara, ƙasa kuma robobi uku suna tarar yoyo, kowace da irin ƙararta. A haɓar zaninta akwai makulli ɗaure. Na tsohon ɗakin ne.

Na ce, "Gwaggo, wannan zama ai bai yi ba."

Ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗan nan. Ina cikin rufin asiri. Wasu ma ba su sami haka ba."

Na ce mata ina da aboki a wani gidan rediyo a Kano, in ta yarda a ɗauki muryarta, ba za a rasa mai taimako ba. Ta dube ni kamar na zage ta.

"So kake a ji ni a duniya? Yaron nan da ya ɗauke ni, da wane ido zai shiga kasuwa? A ce 'ya'yan ƙanena sun kasa ni? Kai ma fa da kai za a haɗa."

Gaskiya ta faɗa, da ni za a haɗa. Wannan ita ce katangar farko da ɗan jarida zai ci karo da ita: wadda abin ya shafa ita ce mai gadin sirrin, domin waɗanda za a kunyata su ne waɗanda take ci a hannunsu.

Ƙofa ta biyu ruwa ne. Ɗakin ƙasa ba a gina shi a gama. Kowace shekara kafin damina yana son yaɓe, a gyara indararo, a duba azara, a bi rufi da makuba, in na jinka ne a sake baibaya. Aikin ƙarfi ne, kuma a zamanin gandu, wanda Polly Hill ta nazarta a karkarar Katsina da Kano, 'ya'ya da gayyar unguwa ke yin sa. Yanzu a watannin da ya kamata a yi yaɓen, samarin suna Abuja ko Legas ko Fatakwal, ko suna bakin noman rani, ko suna ramin ma'adinai a Riruwai. Suna aiko da kuɗi ta hannun mai POS, kuɗin kuma a tukunya suke ƙarewa, ba sa kaiwa ga magini. In yaro ya tara abin kirki ya dawo, bulo da kwano zai saya, amma ɗakin amarya zai tayar. Duk wanda ya shiga gidajen yankin zai ga tsarin da idonsa: sabon ɗaki mai siminti na mafi ƙuruciya ne, mafi tsufan gini na mafi tsufan mutum. Idan bango ya zauna a watan Agusta, a rahoto za a ce ambaliya ce. Alhali shekara uku ke nan ba a yaɓe shi ba.

Ƙofa ta uku hukuma ce, kuma yankin ya san ta tun tuni. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta fara a 1971 aka kammala a 1974, tana riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma a ƙarƙashin ruwan nan akwai kufan garuruwa da gonaki da maƙabartu. An tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni. Saurayin da yake ɗan shekara 20 lokacin ya haura 70 yanzu. Wato tsofaffin da muke magana a kansu, da yawansu wannan ne karo na biyu da ƙasa ta zame musu. A Agustan 1988 kuma madatsar Bagauda ta ɓalle ta yi ɓarna mai yawa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, in an karɓe ta don amfanin jama'a kuma diyyar ta abin da ke kanta ce, gini da shuka da itatuwa. Ɗakin ƙasa ba ya yin daraja a takardar mai ƙiyasi. Kuɗin da aka biya kuma hannun mai ƙarfi a gidan suke faɗawa, kuma ɗan saba'in ba ya sake kafa gida daga tushe.

Abin da edita ke kira labari

Yankin nan yana shiga kanun labarai ta hanyoyi sanannu: haɗarin mota a hanyar Zariya, 'yan fashi da ɓarayin shanu a Falgore, rikicin zaɓe irin na Tudun Wada a Fabrairun 2023, sai kuma ranar da babban mutum ya zo yanke kyalle, kamar gidajen makiyaya da gwamnatin Ganduje ta buɗe a dajin Ɗansoshiya na Ƙiru a 2020. Duk waɗannan suna da rana da adadi da wanda za a ɗora wa magana. Wakilin da ke zaune a Kano, wanda sau da yawa kuɗin motar da aka ba shi a wurin taro su ne ribar yininsa, ba zai yi tafiyar awa uku zuwa Doguwa don ya ga ɗakin da bai riga ya faɗi ba.

Hanya guda da tsoho talaka ke shiga iska ita ce ta roƙo. Shirye-shirye irin su Inda Ranka na Freedom Radio sun buɗe wa talaka ƙofar kai kuka, shafukan sada zumunta kuma suka faɗaɗa ta. Fauziyya D. Sulaiman, wadda ta kasance cikin marubutan Daɗin Kowa, ta shahara da tara wa mabuƙata taimako ta wannan hanya, kuma rayuka da dama sun tsira ta dalilin irin wannan aiki. Ba raina shi nake ba. Amma a matsayin siffar labari yana da iyaka. Ana nuna hawaye, a karanta lambar asusu, wani bawan Allah ya biya, a dawo a ɗauki hoton godiya. Labari ya rufe ke nan. Ba a tambayi yadda aka yi ta kai ga haka ba, domin tambayar za ta taɓa dangi, ba a kuma tambayi sauran ɗari da ke bayanta ba. Mai kallo yakan tashi da sanyin zuciya, ya ɗauka an yi maganin abin.

Nan ne wasan ɗakin labarai yake da abin da wani salo ba shi da shi: yana iya sa wannan siffar kanta a gaban alƙali. A ɗauka wata matashiyar wakiliya, 'yar asalin Tudun Wada, ta kawo labarin wata tsohuwa a taron safe. Edita ya tambaye ta wa ya kore ta. Ta ce babu. Ya ce wa ya mutu. Ta ce babu tukuna. Ya ce to ina labarin? Shugaban sashen talla ya ce a mai da shi neman taimako, akwai ɗan siyasar da zai so a gan shi yana miƙa makulli. Tsohuwar kuma ta ce in aka nuna fuskarta ba ta yafe ba. Ga rikici cikakke ba tare da azzalumi ko ɗaya ba, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da mai kallo zai ji a jikinsa. In marubucin ya iya, zai bar mai kallo ya gano a hankali cewa editan nan mai tambayar ina labarin, tasa uwar tana wani ɗaki a ƙauye da bai leƙa ba tun sallar bara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan wasa mai ɗakin ta yi shiru, masu ɗaukar labarin kuma su ne 'ya'yan da suka tafi.

Akwai rami biyu a kan hanya. Na farko ramin Baghban ne, fim ɗin Indiya na 2003 da Amitabh Bachchan da Hema Malini suka fito, wanda masu kallonmu suka sani sarai: iyaye salihai, 'ya'ya butulai, sakayya a ƙarshe. Yana sa kuka, amma yana ba kowa mafita, domin babu mai kallon da ke ɗaukar kansa butulu. Magadan da suka sayar da gidan Gwaggo ba mugaye ba ne. Ɗaya bashin taki ya ci shi, ɗaya zai aurar da 'ya, ɗaya yana son jarin acaɓa. Wasan da bai ba su hujjarsu ba ya yi ƙarya. Rami na biyu shi ne a zaci wasa yana sauya doka da kansa. Ana yawan kafa hujja da Cathy Come Home, wanda Ken Loach ya shirya wa BBC a 1966 kan iyalin da suka rasa muhalli. Mutum kusan miliyan 12 suka kalle shi, ƙungiyar Shelter da aka ƙaddamar 'yan kwanaki bayansa ta sami goyon baya mai yawa. Amma dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomin Birtaniya nauyin marasa gida sai a 1977 ta zo, bayan shekara 11. Abin da wasan ya yi shi ne ya ba abin suna da fuska, har ya zama ba a iya cewa babu shi.

Kuma wakiliyar wasanmu tana da inda za ta je da tambaya, ba sai an ƙirƙiro mata ba. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci matsuguni da kula da tsofaffi cikin abin da hukuma za ta sa a gaba, sashe na 6 kuma ya hana a kai ta kotu a kan haka. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021. Asusun gidaje na ƙasa, tun 1992, an gina shi ne a kan cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, manomin Doguwa kuwa bai taɓa karɓar albashi ba. Ɗan majalisar Ƙiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin Kofa, ya riƙe babban muƙami a hukumar gidaje ta tarayya daga 2020, ya kuma shugabanci kwamitin gidaje na majalisar wakilai daga 2023. Hirar da za a yi da mai irin wannan kujera, a wasa ko a gaske, za ta nuna cewa kalmar gidaje a bakin hukuma tana nufin rukunin gidaje da lamuni, ba ta nufin bandir ɗin kwano biyu da ladan magini. Ga kuma Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano, wadda aka kafa a 2003, mafi kusa da abin da fiƙihu ke nufi da baitulmali.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganin da ke cikin littattafan da muke karantawa ba ma aiki da shi. Malikiyya ta san abin da ake kira umra, ba ta zuwa Makka ba, wato mutum ya mallaka wa wani amfanin ɗaki iya tsawon rayuwarsa, in ya rasu ɗakin ya koma ga mai shi ko magadansa. Miji yana iya yi wa matarsa wannan yana da rai da lafiya, a gaban shaidu, bisa sharuɗɗan da malamai suka sani. Magada ma suna iya yi wa matar ubansu bayan rabo. Akwai hubusi, akwai shuf'a da ke ba abokin tarayya damar riga bare sayen kason ɗan'uwansa. Fitowa ɗaya da za a nuna alƙali ko limamin gari yana yi wa magada wannan bayani, a tsakiyar rigimar da mai kallo ya riga ya shiga cikinta, ta fi wa'azin wata guda.

Za a ce masu talla matasa suke nema, kuma tsohuwar da ba ta da lantarki ba za ta ga wasan ba. Haka ne, ba kuma don ita za a yi shi ba. Masu kallon wasannin nan a waya, a YouTube, a shagon caji a Abuja ko a tashar Legas, su ne magadan. Su ne za a kira ranar da aka ce a zo a raba, su ne za su ce a sayar ko a bari. Wahalar da na fi hangowa ta aiki ce: masu shirya fim ɗinmu suna gudun damina saboda kayan aiki da hanya, wannan labari kuwa ba ya ɗaukuwa sai cikin marka, a ƙauyen da mota ke kafewa, da dattijuwar 'yar wasa wadda ya kamata a tambayi inda ita ma za ta kwana in an tashi daga aiki.

Ni dai abin da na yi wa Gwaggo shi ne irin abin da na soka a sama. Bayan kaka na sayi kwano, aka yi wa ɗakin takin rufi, aka faɗaɗa ƙofar har gadon ya shiga. Na koma ina jiran godiya, ta kuwa yi, ta sa albarka mai tsawo. Buhunan jeren suna nan a bayan ƙyaure yadda na bar su. Da zan tafi ta riƙe hannun rigata, ta tambaye ni ko na bi ta tsohon gidan, ko mutumin ya bar bishiyar lallen da ke bayan ɗakinta. Na bi, ya sare ta ya zuba siminti don shanyar masara. Na ce mata ban lura ba.